Awon da Kawu Bai Ƙarasa Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu, yayan mahaifiyata, kuma malamina a wurin aiki. Na so in rubuta wani abu mai laushi a kansa, irin wanda ake karantawa a share hawaye a ce Allah sarki. Na zauna na gwada, abin ya ƙi. Duk sanda na ɗauki biro sai haushi ya riga kuka fitowa. To bari in rubuta shi da haushin, shi ma ai bai taɓa yarda a yi wa sakamako kwalliya ba.

Ranar da aka kai shi, gidansa na Gawon Nama a Sakkwato ya cika har kan layi. Ina cikin gida tare da mata, kusa da Inna, mahaifiyata, muna amsa gaisuwa. Kowace ta shigo sai ta ce ya haƙuri, mu ce da godiya, sannan ta matsa gefe ta rage murya. Ni kuwa kunnena lafiya lau yake.

"Ashe Malam mai kusu ya tahi."

"Wallahi. Mutumen kirki na, sai dai abin ga nai."

"To su kusun wa za a bar ma? Ni da kyanwa anka samo kowa ya huta."

Na cije leɓe. Kusu dai shi ne ɓera a bakin mutanen garinmu, kuma sunan da unguwa ta laƙaba wa Kawu ke nan tun da ya gina wa fararen ɓerayensa ɗaki a bayan gida. Can da rana tsofaffin abokan aikinsa suka shigo yi wa Hajiya, matarsa, gaisuwa. Ɗaya daga cikinsu, mai babbar riga da ta sha aiki, ya ce marigayi mutum ne mai tsantseni, da yana sakin abin da ya rubuta da tuni ya zama farfesa, amma shi kullum sai dai a sake awo. Ya faɗa kamar yabo, sauran suka gyaɗa kai. Ni na san irin dariyar da suke yi masa a ofis, don a ofis ɗin nake aiki.

Abin da ya fi ƙona min rai, da matan da malaman babu wanda ya yi masa ƙarya. Haka yake. Amma babu wanda ya san dalili, kuma in ban faɗa ba, mai kusu ɗin nan shi kaɗai zai rage daga sunansa.

Kawu ya karanci yadda gaɓoɓin jikin dabba ke aiki, ya koyar har ya yi ritaya, amma abu ɗaya ne ya cinye rayuwarsa: yadda za a auna aikin ƙodar ɓera, awon da mutum zai iya dafa ƙirji a kansa. Kafin a ce magani kaza yana lalata ƙodar mutum ko ba ya lalatawa, a kan ɓera ake fara gwadawa. Akwai wani datti da tsoka ke zubarwa cikin jini, ana ce masa kiriyatinin. Lafiyayyar ƙoda tana tace shi ta fitar a fitsari, in ta fara gazawa sai ya taru a jini. A mutum awon nan ba wuya, a ɗebi jininka, ka zauna kan benci, a kira ka. A ɓera kuwa sai wanda ya gwada. Jininsa ɗigo ne, fitsarinsa na yini da kwana da ƙyar ya kai rabin ƙaramin cokali, kuma abu kaɗan ke birkita shi.

Gidanmu na Ƙofar Kware gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Kawu Babba, wansu, shi ke riƙe da sana'ar har yau. Na tuna wata ranar layya, an feɗe rago, Kawu Babba ya zaro ƙodar daga cikin kitse ya ɗora a tafin hannu ya miƙa wa ƙanensa.

"Ga ta, Malam. Ni in nid dubi wagga na san ragon ga lahiya yac ci yash sha. Ba ni biɗar kwalba, ba ni biɗar kusu."

Kawu ya karɓa ya jujjuya ta. "Gaskiyakka, Yaya. Amma kai sai ka yanka ka ka sani. Ni so ni kai in sani tun mai ita na tahiya bisa ƙahwahunai."

"To ka sani?"

"Ban sani ba tukuna."

Tsakar gida ta ɗauki dariya. Kawu Babba ya ce tun yana da baƙin gemu yake jin tukunan nan. Ya jefa ƙodar kan garwashi, da ta gasu Kawu ne ya riga kowa kai hannu.

Tukunan nan ni na fi kowa shan ta. Da na gama karatun aikin ɗakin gwaji aka tura ni sashensu, na zo da zafina. Aikina na farko, na auna jinin ɓeraye da sinadarin da ake amfani da shi a asibiti, wanda ke juyawa ya koma ruwan goro in ya haɗu da dattin. Lambobi suka fito tsaf, na kai masa ina ta murmushi. Ya duba, ya leƙo ni ta saman tabarau, ya ce bisa lissafina duk ɓerayen nan suna bakin kabari, alhali ga su can suna tsere a keji. Ashe a jinin ɓera akwai wasu abubuwan da su ma ke juya launin, sinadarin kuwa ba ya bambancewa. Na ce ai kowa da shi yake aiki, har takardu ana bugawa.

Ya ce, "Kowa ba shi na kawunki ba. Sake."

Akwai wani sinadarin da ba ya kama komai sai dattin, shi Kawu ke so. Daga nesa ake kawo shi, dole kuma ya zo cikin sanyi. Mun jira shi har mun gaji, da ya iso aka bar shi a tasha cikin rana yini guda kafin a kira mu. Kawu ya taɓa kwalin ya ji ɗumi. Na ce mu gwada mana, ƙila bai lalace ba. Ya ce ƙila ba awo ba ce. A gabana ya tsiyaye shi, ni ce na juya baya.

Sai fitsari. Akwai kejin da ake sa ɓera don tara shi, mai raga a ƙasa da mazurari, kashi ya bi gefe, fitsari ya gangara cikin 'yar kwalba. Waɗanda suka ƙera kejin nan ba su taɓa kwana a Sakkwato da bazara ba. Kafin ɗigon ya gangara ya bushe a jikin mazurarin. Ɗalibai sukan zo da safe su tarar da kwalba kusan wayam, su rubuta cewa ƙoda ta tsaya, su samu maki. Kawu ya koma ɗiga mai a kwalbar don kada abin da ya taru ya bi iska, yana ɗauraye mazurari da awon ruwa yana haɗawa. Duk da haka zafin ɗakin ya hana shi sakat, wuta kuma sai ta ga dama. Da ya yi ritaya ya nemi izinin sashen, ya gina ɗakin ƙasa mai kaurin bango a bayan gidansa, ya sa sola da fanka da ƙaramin firji, ya jera randuna a gindin bango. Maƙwabta suka ce ya yi wa ɓeraye ɗakin da ya fi na Hajiya sanyi. Hajiya ta ce ba su yi ƙarya ba.

Ɗakin nan yana da dokoki. Hannu ɗaya ko biyu ne ke taɓa ɓerayen, nasa da nawa. Lokaci ɗaya kullum. Abinci iri ɗaya, wani busasshen dunƙule na musamman, a auna a zuba, a auna abin da ya rage. Ba a sa ɓera a kejin tara fitsari sai ya fara sabawa da shi, don in ya tsorata ba ya ci, ba ya sha, abin da ka tara tsoro ka auna ba ƙoda ba. Wata ranar na wuce can kai tsaye daga gidan biki, na sha humra har da turaren wuta. Ya tare bakin ƙofa da hannu.

"Ina za ki da wanga ƙamshi? Amarya a ka kai musu?"

Sai da na yi wanka na sa tsohon hijabin Hajiya ya bar ni na shiga. Na yi ta ƙunƙuni, shi ko a jikinsa.

Ba zan ce duk taurin kai ba ne. Kafin ya ɗauki ɓera sai ya murza tafin hannunsa ya yi bisimilla. A ƙarshen kowane gwaji ana sa musu maganin barcin da ba su tashi, a ɗebi jini, a cire ƙoda, kuma ranar nan Kawu ba ya cin abincin kirki. Ya taɓa ce min, "Duk kusun da anka kashe bisa awon banza, ni za a tambaya." Shi ya sa ba ya fara gwaji sai komai ya zauna daidai, komai kuwa a garin nan ba ya zama daidai a rana ɗaya.

Da a ce maganar ta tsaya kan ɓeraye, da na bar shi da halinsa ina yi masa tsiya. Amma akwai Inna.

Inna ce autarsu, Auta yake ce mata har da furfurarta. Gwiwoyinta sun daɗe suna ba ta wahala, har ta kai sai a kujera take salla, abin kuma yana cin ranta. Sai wata maƙwabciya ta kawo mata wani maganin gargajiya, baƙin ruwa a gorar roba, ba suna, ba a rubuta abin da ke ciki ba. Ta sha, ciwon ya lafa, ta koma kai goshinta ƙasa. Daga nan ita da gorar nan sai Allah. Tana da hawan jini, ga ƙafafu sun fara kumbura. Kawu da kansa yake kai ta asibiti. Yakan zauna kan benci a layi, dattijo da shi, riƙe da jakarta da takalmanta a cinya, ba ya tashi sai an gama da ita. Likita ya ce ƙodarta ta fara rauni, ta bar duk wani jiƙe-jiƙe. Ta ce to. Da muka dawo gida ta janyo gorarta.

Kawu ya zauna bakin gadonta ya ce, "Auta, ki bar shan abin ga."

"Ka gani da idonka yana ɓata ƙoda?"

"Ban gani ba. Zato ni kai, kuma zato mai ƙarhi."

"Yaya, likitoci komi cewa su kai a bari. Gishiri a bari, goro a bari, nama a bari. Kai ɗai ni ka yarda da maganakka, don ba ka ƙarya. Rad da kag gani ka hwaɗa min, wallahi ko kurɓi guda ba ni ƙarawa. Kahin nan bar ni in yi sujada irin ta mutane."

Ya lallashe ta, ya yi faɗa, ya sake lallashi. Duk inda ya bi sai ta dawo da shi kan tambayar nan, shi kuma ya ba ta amsar nan. Da ya fito na bi shi zaure.

"Kawu, don Allah mi za ya rage ka in kac ce ka gani? Kalma guda ta."

"In ce na gani ban gani ba?"

"Ƙanwarka ta hwa! Ƙahwahunta na kumbura kana kallo."

"Ina kallo. Ke kin ɗauka barci ni kai?" Ya cire hula ya share kai. "Abin da yas sa ta ka jin maganata shi na ban taɓa yi mata ƙarya ba. In niy yi yau tag gane, gobe da mi za ni tare ta? Kuma ba ita ɗai ka sha ba. Rabin tsohhin unguwag ga na sha. Su ma ƙarya za ni bi in yi musu gida gida?"

Na ce masa sunansa na mai gaskiya ya fi masa ran uwata. Ya sa hularsa ya fita. Mun daɗe bayan nan ba abin da ke haɗa mu sai miƙo wancan, rubuta wannan. Har gobe ban ce duk abin da na faɗa kuskure ba ne. Kalma ɗaya ce fa.

Na gwada nawa dabarun. Na ɓoye gorar, ta aika aka sayo wata. Na zubar da rabi na ƙara ruwa, ta kurɓa sau ɗaya ta harare ni. Ran nan na gaji na ce mata Kawu ya gama awo, ya ce abin yana kashe ƙoda. Ba ta yi musu ba. Ta ɗauki wayarta a gabana ta kira shi, ta sa a kunne tana kallona. Ban tsaya jin ƙarshen hirar ba.

Abin da na sani, tun daga ranar zauren nan Kawu ya ajiye duk wani aiki ya fuskanci gorar. Ya sayo maganin da yawa daga hannu ɗaya don kada ya bambanta. Ya kiwata ɓeraye maza, sa'annin juna. Ya bi sinadarin kirkin nan har tasha da kansa da kular ƙanƙara, ya tsaya cikin rana har motar ta iso. Ɗan kaɗan ne, awo ɗaya zai yi ya ƙare. Muka raba ɓerayen gida biyu, rabi ana ba su maganin bisa awo kowace safiya, rabi ruwa zalla, don a ga bambanci. Makonni muna yi. Ɗakin ya yi sanyi yadda yake so, ɓerayen sun saba da keji, suna ci suna sha. Wata safiya yana rufe ƙofa ya ce min, ba tare da ya kalle ni ba, "Wanga karon, in Allah ya yarda, za mu sani." Na jira in ji tukunan nan tasa, ban ji ta ba.

Saura 'yan kwanaki a gama, ya dawo daga sallar asuba ya zauna a zaure ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin a tada mota rai ya yi halinsa.

Ban san yadda ake kuka da lissafi a lokaci ɗaya ba sai a makon nan. Kowace safiya kafin masu gaisuwa su cika gida, nakan shiga ɗakin in ba da magani, in auna abinci, in canja ruwa, in kulle, in mayar da makulli kan ƙusar da yake rataye shi a ɗakinsa. Na lura suna barin abinci da yawa a mazubi, ba su ci kamar da. Na ce hayaniyar makoki ce, ko sun rasa hannun da suka saba da shi. Da na ga ba su rame ba, gashinsu har sheƙi yake, sai hankalina ya kwanta. Na ce a raina ko ni kaɗai ce sai na kai aikin nan ƙarshe, in je in zauna gaban Inna in ce Yayanki ya gani.

Ranar da Kawu ya tsayar ta zo. Na sa su a kejin tara fitsari, suka yini suka kwana. Na yi bisimilla na yi abin da ake yi. Na auna jinin da sinadarin har ɗigon ƙarshe. Na fara da waɗanda suka sha magani: dattin ya hau. Na ji wani irin daɗi mai ɗaci, na ce shi ke nan, an kama shi. Sai na juya kan waɗanda ba su sha komai ba sai ruwa. Nasu ma ya hau, kusan daidai da na farkon. Fitsarin ma duka ɓangarorin ya fi ƙa'ida yawa. Na duba yankan ƙodar a madubin ƙara girma har idona ya yi ja, ban ga abin da zan raba wannan da wancan ba.

Ina wanke kejin, ina ta juya abin a kaina, sai na ga wani zare maƙale a raga. Na ciro shi. Ja ne, da maiƙo. Na kai hanci. Dambun nama ne, kuma na san hannun da ya yi shi, don a kansa na tashi.

Na sami Hajiya a ɗakinta tana takaba, da carbi a hannu.

"Hajiya, wa ka shiga ɗakin kusun ga bayana?"

"Innarki ta. Tun rad da anka kai shi." Ta faɗa hankali kwance, har da ɗan murmushi. "Tac ce kowa na rabon sadaka ga mutane, su da yah hi so an bar su da busasshen abu kamar tsakin kaji. Marayu na, in ji ta. In kin hita sai ta amshi makulli. Ba ki ga sun yi kyau ba?"

Na zauna a ƙasa. Inna, wadda in ɓera ya gilma a tsakar gida sai ta hau gado tana salati. Ita ce ta riƙa lallaɓawa da gwiwoyin nan, da 'yar samirarta a ƙarƙashin hijabi, tana bin keji ɗaya bayan ɗaya tana tura dambu ta raga. Hajiya ta ce ba ta tsallake ko ɗaya ba, wai kada ta shiga haƙƙin wani. Har ranar tara fitsarin sai da ta shiga.

Dafaffen nama da kansa yana ɗauke da dattin nan da muke aunawa. In aka ci, sai ya hau a jini ko da ƙoda lafiya lau take. Gishiri da mai da yaji suka ƙara nasu. Ko maganin ya yi wa ɓerayen illa ko bai yi ba, dambu ya binne amsar. Ɓerayen sun mutu, sinadari ya ƙare, mai aikin yana kabari.

Na rasa wanda zan yi wa ihu. Hajiya ba ta san illar abin ba. Inna abin da aka koya mata ta yi, a gidanmu da nama ake barka, da nama ake ban haƙuri, da nama ake sadaka. Sai na koma kan Kawu. Ya kori humrata, ya auna zafin ɗaki, ya bi kwali har tasha, ya yi wa ɗalibai bayanin abincin ɓera har suna hamma, amma bai taɓa zama ya gaya wa ƙanwarsa dalilin busasshen dunƙulen nan ba, don bai taɓa zaton za ta taka ɗakin ba. Ya toshe kowace kafa, ya manta shi ɗan gidan fawa ne kuma ana son sa. Na shiga ɗakin nan wayam na rufe ƙofa na gaya masa duk wannan da ƙarfi, kamar yana ji.

Da na huce sai wani tunani ya zo min. Lambobin waɗanda suka sha magani sun hau, wannan ba ƙarya ba ne. In na ninke takardar na nuna wa Inna rabin, na ce ga abin da Yayanki ya bari, za ta yarda. Yanzu babu wanda za ta ɗauki waya ta kira. Na kwana da tunanin nan, na tashi da shi, na shirya maganar tiryan-tiryan a cikin adaidaita har Ƙofar Kware.

Na same ta a ɗakinta bayan la'asar, ta miƙe ƙafafu kan matashi, gorar tana gefen gado. Ta rame a fuska tun rasuwar. Muka gaisa. Ban kai ga buɗe jaka ba ta ce, "To, mi kusun Yaya sunka ce?"

Na buɗe baki. Wallahi na yi niyya. Amma sai na ga kamar zan sa wa Kawu magana a baki ranar da ba zai iya tofar da ita ba, kuma bakin nawa ya ƙi.

"Awon ya ɓaci, Inna."

"Ya ɓaci? Kamar ƙaƙa?"

"Sun ci abin da bai kamata su ci ba. Ba a iya gane komi."

Ta juya tana kallon bango. Na ga lokacin da abin ya iso mata, hannunta ya tsaya cak a kan carbi.

"Dambun?"

"Dambun."

"Ni sadaka niy yi mai."

"Na sani, Inna."

"Don ni ya ka aikin ga ko?"

Na ce don ita ne. Ba ta yi kuka da murya ba, hawayen ne kawai suka riƙa bin kumatunta ba ta share ba. Na yi zaton zan ji sanyi in ta san abin da ta yi. Ban ji ba.

Can ta ce, "Ana iya sakewa?"

Na ce ana iya, amma zai daɗe. Sai an sake kiwon ɓeraye, sai an sake neman sinadari, kuma ni kaɗai ce yanzu.

Ta miƙa hannu ta ɗauko gorar ta tura min ita kan tabarma. "Tahi da ita. Na ɓata mai aiki, ba ni zama ina sha kina wahala. In kin gama kin ga babu komi, ki komo min da abuna."

Na karɓa. Ya kamata in yi murna, amma abin da ya cika min ciki shi ne, watannin da Kawu ya kwashe yana roƙonta da gaskiyarsa ba su yi ba, sai da ya mutu aikinsa ya rushe. Kuma watannin da ta yi tana sha muna jiran awo mai kyau, babu mai dawo mana da su.

Na matsa na ɗora ƙafarta a cinyata ina matsa mata. Ƙafar ta kumbura ta yi nauyi, fatar tana ƙyalli. Inna ta ɗaga hannuwa ta fara yi masa addu'a, Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa, ya yafe mata abin da ta yi ba da sani ba, ya sa wahalar da ya sha ta zame masa nauyi a mizani. Ina cewa amin, ina danna babban yatsana a saman idon sawunta.

Ta shafa addu'ar. Na ɗaga yatsan, na zuba wa wurin ido ina jira, don in ƙoda ta gaza ruwa ke taruwa a ƙafa, wurin da aka danna ba ya tasowa. Ramin bai cike ba.